Batirin sola: abin da ke kashe shi da wuri, da yadda za mu tsawaita kwanansa

 

A cikin saƙonnin da kuke turo wa gidan rediyonku, akwai kukan da ba ya ƙarewa: an haɗa kuɗi da ƙyar an sayi sola, an yi murna, amma shekara ba ta zagayo ba batir ya fara gajiya. Fitilar da ke kaiwa asuba yanzu ƙarfe goman dare ta mutu. Sai a ce mai shago ya cuci mutane, ko a ce kayan yanzu ba su da ƙwari. Wani lokaci haka ne. Amma a mafi yawan gidaje, batir ba mutuwar Allah da Annabi yake yi ba, yadda muke aiki da shi ne yake kashe shi. Abu uku ne ke gama da shi: a tatse shi ƙarƙaf, a hana shi cika, a bar shi cikin zafi. Yau a kansu za mu tsaya.

Me ya sa maganar ta shafe mu duka

A ƙasarmu Nijar, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wutar lantarki, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Waɗanda ke da layin NIGELEC ma ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar mana sakamakon takunkumin CEDEAO, alhali a wancan lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na kuran ɗin da muke sha daga can yake zuwa. Sai da aka shiga 2024 aka ɗage takunkumin. A cikin waɗannan watanni ne gidaje da shaguna da yawa a Yamai suka koma ga sola.

Rana dai Allah ya hore mana ita, kuma ba yau aka fara tunanin morar ta ba. Marigayi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci ofishin makamashin rana na ONERSOL tun daga 1969. An buɗe tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, ta Goru Banda mai megawat 30 kuma ta fara aiki a 2023. Amma mai gida a ƙauye, da mai garka a bakin kogi, da mai shagon cajin salula, tasharsu ita ce farantin da ke kan rufi da batirin da ke lungun ɗaki. Farantin sola, wanda muka fi sani da fano, yana iya yin shekara 20 yana aiki. Batir ne mai saurin mutuwa, shi ne kuma mai cin kuɗi, domin shi ake ta sake saye.

Batir rumbu ne, ba gona ba

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe: batir ba ya haifar da wuta. Faranti shi ne gona, batir kuma rumbu. Abin da gona ta bayar da rana shi ake zubawa a rumbu, a ɗiba da dare. In ana ɗibar tiya biyar kullum ana mayar da uku, ko yaro ya san ƙarshen zancen.

Batirin da ya fi yawa a gidajenmu na dalma ne, wasu su ce darma. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau asalin aikinsa bai canza ba. A cikin batir mai bolt 12 akwai ɗakuna shida, kowane ɗaki da faifan dalma jiƙe cikin ruwan asid, kowane yana ba da bolt 2 da ɗan ɗori. Idan ana jan wuta, wani farin gishiri mai suna silfat yana kwanciya a jikin faifan. Idan aka yi caji, gishirin ya narke ya koma cikin ruwan. Muddin ana cika batir da wuri, wannan kai-da-kawo ba ya da illa. Amma in aka bar shi kwana da kwanaki babu cikakken caji, gishirin sai ya daskare ya yi tauri, ya ƙi narkewa. Duk wurin da ya daskare, wannan wurin ya daina riƙe wuta har abada. Rumbu ya tsuke ke nan.

Ba kowane batir ne na sola ba

Batirin mota an yi shi ne domin ya ba da wuta mai ƙarfi na ƴan daƙiƙoƙi, mota ta tashi, sannan injin ya mayar masa da abin da ya bayar nan take. Faifansa sirara ne. In aka sa shi yana riƙe fitila da talabijin dare bayan dare, cikin ƴan watanni zai zube. Yana da sauƙin kuɗi, gaskiya ne, amma araha ba ta ado.

Batirin sola na dalma faifansa masu kauri ne, an yi shi domin a ja shi a hankali na tsawon sa'o'i. Kashi biyu ne. Akwai mai murafu a sama wanda ake ƙara wa ruwa. Akwai kuma rufaffe, wanda za ku ga an rubuta GEL ko AGM a jikinsa. Shi wannan ba a buɗe shi, ba a ƙara masa komai.

Sai na zamani, batirin litiyom, musamman wanda aka rubuta wa LiFePO4. Ba shi da nauyi, ana iya cin kashi 80 cikin 100 na wutarsa ba tare da ya ji jiki ba, kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai. Yana da wata ƴar na'ura a ciki mai suna BMS da ke yanke wuta in abu ya wuce ƙima. Tsadarsa ce matsala, sannan dole na'urar cajin ta zama wadda ta san litiyom.

Makashi na farko: tatsewa

Ƙa'idar batirin dalma ita ce kada a ci fiye da rabinsa. Wanda ake tsayawa a rabi yana iya yin shekara uku zuwa biyar. Wanda ake tatsewa kullum sai fitila ta mutu da kanta, da wuya ya ga shekara ta biyu.

To yaya mutum zai san ya kai rabi? Da awo. Akwai ƴar na'urar da masu gyaran rediyo ke riƙewa, miltimetir, ba ta da tsada, kuma regilata da yawa suna nuna lambar a fuskarsu. A kashe komai, a bar batir ya huta kamar awa ɗaya ko biyu ba caji ba ja, sannan a auna. In ya nuna 12.6 zuwa 12.8, a cike yake. In ya nuna 12.4, saura kamar kashi uku cikin huɗu. In ya nuna 12.2 ko 12.1, an kai rabi, nan ne iyaka. In ya sauka ƙasa da 12, an shiga cin jikinsa. In ya kai 10.5, babu komai a ciki.

Ku lura da kyau, tsakanin cikakken batir da wanda ya kai rabi, rabin bolt ne kawai. Shi ya sa wanda ya ga 12 ya ce ai batirina lafiya lau tunda mai bolt 12 ne, ya yi kuskuren karatu. Lokacin da ya fi dacewa a auna shi ne da asuba, kafin rana ta taɓa faranti. Lambar asuba ita ke faɗin gaskiyar abin da aka yi da dare. Shi litiyom lambobinsa daban ne, yana daɗewa a wajen 13 sannan ya faɗi lokaci guda, don haka a bi abin da na'urarsa ta nuna.

Makashi na biyu: rashin cika

Wannan shi ne mai kisan mummuƙe, domin ba a ganin sa. Batirin dalma yana shan caji mataki-mataki. Da safe yana karɓar duk abin da faranti ya bayar, har lambar ta hau wajen 14.4. Daga nan sai ya riƙa sha a hankali na awa biyu zuwa uku, wannan ne ke narkar da sauran gishirin. Bayan haka lambar ta sauko wajen 13.6, ya zauna a nan yana hutawa. In batir bai kai wannan mataki na ƙarshe ba yau, bai kai gobe ba, bai kai jibi ba, gishiri yana nan yana taruwa, ko da fitila tana kamawa kowane dare.

Abin da ke jawo haka sananne ne: babban batir da ƙaramin faranti. Mutum ya sayi batir mai amfer 200 ya haɗa shi da faranti mai wat 80, yana ganin ya yi dabara. Wannan batirin ba zai taɓa ƙoshi ba. Hausawa suka ce daidai ruwa daidai tsaki.

Mu yi lissafin tare

Ku ɗauko takarda, abin ba wuya. A jikin batir za ku ga lamba da haruffan Ah, shi ne muke cewa amfer. Batir mai amfer 100 da bolt 12, in aka ninka, yana riƙe wat-awa 1200. Rabin da aka yarda a ci shi ne 600.

Yanzu a duba abin da gida ke ci. Kowane kaya an rubuta wat ɗinsa a jiki, sai a ninka da awannin da yake aiki. Misali, ƙwan fitila huɗu masu wat 5, awa biyar: 100. Fanka mai aiki kai tsaye da batir, mai wat 20, awa takwas: 160. Talabijin mai wat 40, awa huɗu: 160. Cajin salula biyar: kamar 60. Jimla 480. Wannan gidan yana cikin iyaka.

Amma a cire waccan fankar a sa babbar fanka ta kuran mai wat 60. Awa takwas ta ci 480 ita kaɗai, jimla ta koma 800. An wuce iyaka, batir ya fara tsufa tun daren farko. Dutsen guga kuwa, ko abin dafa ruwa, mai wat 1000, cikin rabin awa zai lashe kusan duk rabon dare. Firigo yana iya cin wat-awa 1000 ko fiye a yini, musamman lokacin zafi, don haka mai son sayar da ƙanƙara ko ruwan sanyi ya san batir ɗaya mai amfer 100 ba zai ɗauke shi ba.

Akwai kuma kwanbertisa, wadda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira inbata, mai juya wutar batir ta koma irin ta NIGELEC. Ita ma tana da nata cin: kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na wutar yana ɓacewa a cikinta, kuma ko ba a kunna komai ba, muddin tana kunne tana tsotsa. A kashe ta in za a kwanta. Duk abin da ake samun irinsa mai bolt 12, fitila ko fanka ko talabijin, ya fi sauƙi ga batir.

Sai ɓangaren gona. A yankinmu ana lissafa kamar awa biyar na cikakkiyar rana a yini. Faranti mai wat 100 a takarda zai ba da 500, amma zafi da ƙura da asarar waya suna rage shi, abin da ke isa bai fi 350 ba. Gidan da ke cin 480 ke nan, faranti mai wat 100 bai ishe shi ba. Mai wat 150 zai ba da kamar 525, da ƙyar ya rufe. Mai wat 200 zai ba da kamar 700, shi ne zai cika batir har ya bar rara domin ranar hadari. A taƙaice, batir mai amfer 100 yana son faranti mai wat 150 zuwa 200.

Makashi na uku: zafi

Kamfanonin da ke ƙera batir suna auna kwanansa ne a kan zafi digiri 25. Ƙa'idar da masana suka sani ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba kwanan batirin dalma biyu. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, ɗakin kwano da rana tsaka kuma ya fi haka nesa. Batirin da aka ce zai yi shekara shida a Turai, a nan in ya yi uku ya yi ƙoƙari.

Ba za mu iya canza bazara ba, amma muna iya zaɓar wuri. A ajiye batir a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ɗakin ƙasa ya fi na kwano. Kada rana ta taɓa shi, kada a sa shi kusa da murhu, kada a kulle shi cikin akwatin ƙarfe marar iska, kada a lulluɓe shi da tsumma wai don ƙura. A ɗora shi a kan katako ko benci, sama da ƙasa. Mu da ke bakin kogi mun ga yadda ruwa ya shiga gidaje a ambaliyar 2020 da ta 2024, batirin da ke ƙasa shi ne farkon tafiya.

Regilata: mai gadin rumbu

Akwai masu haɗa faranti kai tsaye da batir don gudun kashe kuɗi. Jama'a, wannan ganganci ne. Farantin da ake cewa na bolt 12 yana iya fitar da har bolt 21 ko 22. Idan batir ya cika babu mai tsayar da wutar, ruwansa zai riƙa tafasa yana ƙonewa, rufaffen batir kuma ya kumbura. Regilata ita ke tsayawa tsakani: ta hana caji wuce ƙima da rana, ta yanke fitilu da dare in batir ya yi ƙasa.

Iri biyu ne a kasuwa. PWM mai sauƙin kuɗi ce, ta isa ƙaramin gida. MPPT ta fi tsada, amma tana tatso ƙarin wuta daga faranti, ita ce ta dace da manyan farantai. Kowace aka saya, a duba amfer ɗinta ya fi abin da faranti ke bayarwa. Faranti mai wat 200 yana son regilata mai amfer 20. A saita ta a kan irin batirin da ake da shi, na ruwa ko GEL ko litiyom. Wajen haɗawa, batir ake fara haɗawa da regilata, sannan faranti. Wajen kwancewa, faranti ake fara cirewa.

Wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare: regilata ta yanke wuta ana tsakiyar kallon ƙwallo, sai yaro ya zagaya ya maƙala waya a kan batir kai tsaye. An ƙarasa kallo, amma an ci kwanan batir. In mai gadi ya rufe ƙofa, dalili gare shi.

Caji da gurup, da mota, da na shago

Wanda ba shi da faranti yana kai batir wurin masu caji, ko ya tayar da gurup. A nan a kiyaye gaggawa. Cajin da ya dace da batirin dalma shi ne kamar kashi ɗaya cikin goma na girmansa, wato amfer 10 ga batir mai amfer 100, kuma in ya yi ƙasa sosai zai ɗauki awa goma ko fiye. Cajin awa biyu da wuta mai ƙarfi yana ɗaga lamba ne kawai, ya zafafa batir, cikinsa bai ƙoshi ba. Kuma kada a jira sai ya mutu murus kafin a kai shi. Ranar da ya kai rabi, ranar ya kamata ya tafi caji.

Masu yawo da wutarsu, ƴan kasuwar da ke bin kasuwannin ƙauye, da masu kiɗan biki, da makiyaya, da masu kwana a garka, su ma ƙa'idar ɗaya ce. A Turai da Amurka akwai masu jan ɗan ƙaramin ɗaki a bayan mota suna kwana a daji. Abin da suke yi shi ne raba batir biyu: na tayar da mota daban, na fitila da firigo daban, da na'urar da ke raba su in an kashe injin. Direbobinmu su ɗauki wannan darasi. In ka kwana kana jan fitila da cajin salula daga batirin mota, da safe sai an tura ka. Batirin da ake yawo da shi a amalanke ko a bayan babur kuma, a ɗaure shi tsaye, a sa masa abu mai laushi a ƙasa, domin girgiza tana zubar da faifansa.

Ruwa, tsabta da kariya

Mai batirin ruwa ya buɗe murafu sau ɗaya a wata, lokacin zafi sau biyu. Ruwan ya rufe faifan dalma da kamar faɗin yatsa. In ya ragu, ruwan batir kaɗai ake ƙarawa, wanda ake sayarwa a gidajen mai da shagunan kayan mota, an rubuta eau distillée ko eau déminéralisée a jikin gorar. Ban da ruwan rijiya, ban da na kogi, ban da na famfo, ban da na leda. Duk suna da gishirin da ke lalata faifan. Kuma ba a ƙara asid, domin ruwa ne ke ƙonewa, asid yana nan. Masu zubar da ruwan tsohon batir su zuba sabon asid, ko su jefa ƙwayar magani a ciki, ƙarfin kwana biyu suke samu, daga nan sai mutuwa.

Kawunan batir in sun yi farin gari ko kore, a kwance waya, a wanke da ruwan bikarbonat ko ɗan ruwan kanwa, a kula kada ya shiga cikin batir. A goge, a ɗaure tamau, a shafa bazilin. Wayar da ke tsakanin batir da kwanbertisa ta zama mai kauri kuma gajera. Siririyar waya tana zafi, tana cin wuta, tana iya tayar da gobara. A sa fis kusa da kan batir mai alamar ƙari.

Batura biyu in za a haɗa su, su zama iri ɗaya, girma ɗaya, shekara ɗaya. Tsoho da sabo in suka haɗu, tsohon ne ke jawo sabon ƙasa.

Sai maganar rai. Batirin ruwa yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, kuma tartsatsi kaɗan ya ishe ta fashewa. Ban da taba, ban da ashana, ban da kyandir kusa da shi. Masu gwada batir ta hanyar haɗa kawunansa biyu da waya su ga tartsatsi, don Allah a bari. Kada a ajiye shi a ɗakin da yara ke kwana. In asid ya fantsama a ido ko a jiki, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15 zuwa 20, sannan a garzaya likita.

Kowane lokaci da nasa hali

Da hunturu, ƙura ce abokiyar gaba. A share faranti da tsumma mai laushi da ɗan ruwa, da sassafe ko da yamma lokacin da gilashin ya huce, sau biyu ko uku a mako. Faranti ya fuskanci kudu, a ɗan karkace kamar digiri 15. A duba inuwa: reshen bedi ɗaya ko kashin tsuntsu a kusurwa yana iya rage wutar faranti gaba ɗaya.

Da bazara, fanka ba ta hutawa, batir kuma yana cikin zafi, wahala biyu ke nan. A yawaita duba ruwa. Duk aikin da za a iya yi da rana, cajin salula ko na fitilar hannu, a yi shi bayan azahar lokacin da batir ya riga ya cika, faranti yana da rara.

Da damina, musamman Yuli da Agusta, hadari yana iya rufe rana kwana biyu ko uku. A irin waɗannan ranaku a rage kallo, a bar fitila da salula kawai, har batir ya farfaɗo. Wanda zai rufe gida ya koma gona ko ya tafi ci-rani, ya cika batir, ya kashe duk kaya, ya bar faranti da regilata suna riƙe da shi. In babu faranti, a cire wayoyi, a bar wa wani amanar yi masa caji duk wata. Batirin da aka ajiye babu wuta wata uku, sai dai a sayar wa masu awo.

Ga ƴan uwanmu da ke waje

Ku ne kuke aiko da mafi yawan kuɗin solar da ke kan rufin iyayenmu, Allah ya saka da alheri. Ga shawara. Kada a aiko da kuɗin batir kawai. A tambaya tukuna: me da me ake kunnawa, awa nawa, faranti wat nawa ne, akwai regilata? In faranti ne ya yi kaɗan, sabon batir zai bi sawun tsohon. Sau da yawa ƙarin faranti ɗaya ya fi babban batir amfani.

Wajen saye, a auna batir a gaban mai shago, sabo ya kamata ya nuna 12.5 ko fiye. A duba ranar da aka ƙera shi, wanda ya shekara a shago cikin zafi ya riga ya tsufa. A ɗaga shi a ji: batirin dalma mai amfer 100 na gaskiya yana kai kilo 30 ko kusa da haka, in ya yi sakayau to lambar da ke jikinsa ƙarya ce. A karɓi takardar saye da ta garanti. Masu tunanin riƙo batirin litiyom a jirgin sama su sani cewa ba a yarda fasinja ya ɗauki wanda ya wuce wat-awa 160 ba, na gida kuwa ya ninka haka sau da yawa.

Sannan a sa mutum ɗaya a gida, ɗa ko ƙane ko ƙanwa mai hankali, ya zama shi ke kula. Duk Juma'a ya ɗauki hoton lambar asuba ya turo ta WhatsApp. In ana ganin 12.2 ko sama, lafiya. In ana ganin 11 da wani abu, to a zauna a sake lissafi tun kafin a sake neman kuɗi.

Idan ya mutu fa?

Ko an kula da shi yaya, wata rana zai ƙare. Alamarsa ita ce ya cika da wuri, ya sauka da wuri, ko ya kumbura, ko ya riƙa zafi. A nan ma akwai haɗari. Dalma guba ce, ta fi illa ga ƙananan yara da mata masu ciki, tana taɓa ƙwaƙwalwa kuma illar ba ta gyaruwa. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, sanadiyyar fasa tsofaffin batura da ake yi a cikin unguwa domin cire dalma. Kada a fasa batir a gida, kada a narka dalmarsa, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko kogi ko garka, kada a mayar da kwankonsa abin ba dabbobi ruwa. A mayar da shi a rufe yadda yake wurin mai sayar da batir, da yawansu suna karɓar tsoho su rage kuɗin sabo.

To jama'a, in an manta da duk lambobin nan, a riƙe guda uku: kada a wuce rabi, a bar shi ya ƙoshi kowace rana, a nema masa inuwa. Gobe da asuba, kafin rana ta fito, kowa ya leƙa ya ga lambar da batirinsa ke nunawa. Wanda ya ga abin da bai gane ba, ya turo mana lambar tare da girman batir da na faranti, za mu duba tare a cikin shiri. A karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, a tura wa na nesa. Allah ya sa albarka a abin da aka saya, ya kare mu daga gobara da asara. Mu kasance lafiya.